Randar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Ƙofar Marusa, Katsina
Ranar Talata

Zuwa ga yayar su Iro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan naki Nabil, ya aiki, ya kuma nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Kada ki yi mamakin rubutun, nawa ne, ba ƙanenki Iro na sa ba, shi kawo miki kawai zai yi a kekensa na haya. Na daɗe ina zuwa ajin manya da ake yi mana bayan la'asar, ni da wasu tsofaffi, muna riƙe fensir kamar muciya. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, hannun ya tsufa kafin ya koya. Na zaɓi takarda ne don kin san halina a waya, daga "lafiya lau" sai in miƙa wa na kusa da ni. Ke ce ta fari. Haka muka taso muka gani, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakin baki da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ita kuwa takarda ba ta da ido.

A wurin wani suna uwar mijinki ta gaya mini watanki bakwai. Cikin mutane na ji, na yi kamar na sani. Ta kuma ce wai Yaya Sabuwa ta riga ta sa an gyara ɗaki a Batagarawa, don can za ki je wankan jego. Abincin sunan nan bai wuce mini ba.

Na san Yaya Sabuwa ce ta riƙe ki. Ranar da aka yaye ki marigayi mahaifinki ya ɗauke ki ya kai wa yayarsa, ban hana ba, ba ni da bakin hanawa. Amma haihuwar fari gidan uwa ake zuwa, kowa ya san haka a garin nan. Ni na haife ki. Ɗakin da ke kusa da nawa na sa an yi masa fenti, an toshe inda yake yoyo. Ki zo gida ki yi arba'in ɗinki.

Akwai kuma wata magana. Iro ya nuna mini ke a wayarsa ana hira da ke a ɗakin aikinki, kina tsaye kusa da wata farar randa da ta kai miki ƙirji. Randa ce, amma tana da kafaɗu, da kwarmin baya, da ƙullin zane. Na gode Allah da ba ki yi mata kai ba, da matan unguwa sun ce gunki kike ginawa. Ko a hakan ma sai da maƙwabciyarmu Hajiya Ramla ta taɓe baki. Mai tambayar ya ce bayan wa ne wannan? Kika yi dariya kika ce, "Bayan Innata ne, a nan na girma." Na sa Iro ya yi ta mayar mini da wurin har ya ce cajinsa zai ƙare. Yaya Sabuwa ce Inna, ni kuwa Hajiya, kamar wata baƙuwa da ta zo gaisuwa. Ba ƙorafi nake ba, faɗa kawai na yi.

Don Allah ki rage tsayuwa kusa da matoya inda kike gasa tukwane, zafin wuta ba ya yi wa mai ciki kyau. Kada ki ɗaga buhun ƙasa. Kada ki zauna a ƙasa mai sanyi. Ban iya barci in na tuna.

Ki gaida Nabil. Allah ya sauke ki lafiya.

Ni ce,
Kubura, uwar su Iro


Ƙofar 'Yandaka, Katsina
Ranar Alhamis

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Ina wuni, ya gida, ya ƙafar taki? Na ga takarda, na gode. Rubutun ya fita sarai, ba inda na tsaya. Ban san kina zuwa aji ba, Allah ya ƙara basira.

Ki gafarce ni da kika ji labarin a bakin wasu. Na zo gida har sau biyu da niyyar in faɗa, duk lokacin da na zauna sai ki tashi ki shiga madafa ki bar ni da su Iro.

Zancen wanka ban yanke ba tukuna. Inna ta yi mini magana tun cikin yana ƙarami, ban ba ta amsa ba. Ke ma ki yi mini haƙuri, ba yau zan amsa ba.

Randar da kika gani ita ce babba cikin waɗanda za a kai baje koli Abuja ƙarshen wata mai zuwa. Da farar ƙasar Ƙanƙara na gina ta, da hannu, naɗi a kan naɗi, wata huɗu ina kanta. Ita aka sa a hoton gayyata. Saura kaɗan in huta da ita. Ba gunki ba ne, Hajiya, na tambayi malamai tun kafin in fara, shi ya sa ban taɓa yin fuska ba. Ki gaya wa Hajiya Ramla ta mayar da bakinta daidai.

Matoya kuwa Nabil ke kula da wutar yanzu, ni daga bakin ƙofa nake cewa a ƙara ko a rage. Kada ki hana kanki barci.

Mako mai zuwa za mu je Batagarawa mu kwana biyu, za mu kai Inna a duba mata ido. In Iro ya kawo saƙo, mabuɗi yana wurin matar da ke gidan dama da mu.

Na gaishe ki da kyau.

Bashira


Ƙofar Marusa
Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ya gida, ya hutun ritaya, ya idon? Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne. Ya mutanen Batagarawa?

Yaya, ke malamar makaranta ce, kin yi shekaru kina duba rubutun yara da jan biro. Nawa kada ki duba, ki karanta kawai.

Na ji an ce kin gyara ɗaki saboda yarinyar nan. Allah ya saka da alheri, ba yau kika fara yi mata ba. Kin ciyar, kin tufatar, kin sa ta makaranta, har ta zama abin da ake nunawa a waya. Ban taɓa musun wannan ba, ko a gaban wa. Amma Yaya, lokacin da ƙanenki Malam Mati ya kawo miki ita, ni a zuciyata aro na bayar, ba kyauta ba. Ban faɗa ba don ina yarinya, kuma da na buɗe baki da an ce ba ni da kunya, ina rawar jiki a kan ɗiyar fari.

Kin samu yayenta. Kin samu ranar da ta fara karatu. Ranar aurenta daga ɗakinki aka ɗauke ta, ni ina nan ina raba wa baƙi goro. Yanzu har bayanki ta gina da ƙasa, za a kai Abuja manya su zagaya suna kallo. Duk ban ce komai ba. Wannan guda ɗaya nake roƙo ki bar mini. Kwana arba'in ne kawai. In ta gama ki karɓi abinki.

Kuma ki duba lafiyarki. Wankan jego safe da yamma ne, da tukunyar ruwan zafi da ɗauka da saukewa. Da wannan idon za ki yi? Ba gori nake ba, tsoro nake kada a ƙona ta.

Ki yi mata magana da kanki, ki ce ta zo nan. In ke kika faɗa za ta ji, ni ban san yadda ake sa ta ta ji ba.

Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarki,
Kubura


Batagarawa
Ranar Litinin

Kubura,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ido kuma da sauƙi, na gode da tambaya, duk da na ga inda tambayar ta nufa. Jan biro na ajiye shi tuntuni. Rubutunki ya fi na wasu da na yaye, ki ci gaba.

Aro, kika ce. Wane irin aro ne mai shi ba ya ko leƙowa ya ga ko kayan ya tsage? Kin tuna shekarar da ta yi ƙyanda, muka fid da rai? Kin zo, ban manta ba. Kika zauna a tsakar gida kina tambayata lafiyar akuyata, ko tana cin dusa. Yarinya tana ɗaki tana jin muryarki. Na san kunya ce, na kuma san kin yi kuka a mota don wanda ya kai ki ya gaya mini. To amma ita ba ta ga kukan ba, zancen akuya ta ji.

Wannan aikin da kike gani a waya, a kududdufin bayan makarantarmu ya fara. Kullum sai ta dawo da yumɓu a aljihun yunifom. Na yi faɗa, na yi duka, ta ƙi bari, na gaji na kai ta wurin wata tsohuwa maginiyar tukwane ta koya da kyau. Ke fa? Daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar 'Yandaka keke ɗaya ne, ɗanki ma ke tuƙa shi. Kin taɓa taka ɗakin aikinta? Kin taɓa share mata shi, ko ki ɗebo mata ruwa?

Ba zan ce mata ta zo wurinki ba, ba kuma zan ce ta zo wurina ba, na riga na faɗi nawa. Ba yarinya ba ce. Ke kina da huɗu bayanta, gidanki ba ya rabuwa da hayaniya. Ni ita ke nan gare ni, ba sai an tuna mini dalili ba. In kika ɗauki arba'in ɗin nan, jikan ma ke zai fara sani. Kin ga ba ke kaɗai ke kasa barci ba.

Ki gaida yaran.

Yayarki,
Sabuwa


Ƙofar Marusa
Ranar Alhamis

Zuwa ga yayar su Iro,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa lafiya, an kuma duba idon. Ban san ta inda zan fara ba. Na ce wa Iro ya kai miki wannan har Batagarawa, don kada ki buɗe ƙofa ki gani ba ki da labari.

Na yi miki ɓarna. Randar nan babba ta rushe, kuma ni ce.

Yaya Sabuwa ta rubuto mini cewa ban taɓa taka ɗakin aikinki ba, ban taɓa ɗebo miki ko ruwa ba. Maganar ta tsaya mini a wuya don gaskiya ce. Jiya da safe na sa Iro ya sauke ni a gidanki, na karɓi mabuɗi. Na ce bari in yi abin da uwa ke yi, ki dawo ki tarar, ba sai mun haɗa ido ba. Na share ko'ina. Na goge taga. Na tara tsummokaran da kike aiki da su zan wanke.

Sai na tsaya gabanta. A waya ban ga girmanta ba. Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka, daidai yadda Yaya take in ta zauna. Har tabon da ke ƙasan wuyanta kin sa. Na daɗe ina kallo. Na ce a raina, wannan kallo ne na wanda ya daɗe a goye.

Na leƙa cikinta na ga ƙura. Na ce ashe sabuwar randa ce ba a ko turara ta ba. Ina da kajiji a jakata. Na hura gawayi a kasko, na zura a ciki, na rufe bakin da faifai har ƙanshin ya kama ta. Sannan na fara ɗebo ruwa a famfo. Nufina ki dawo da gajiya ki sha ruwa mai sanyi da ƙanshi, ki tambaya wa ya yi, a ce miki ni ce. Akwai kuma wani nufin, ba zan ɓoye ba. Na ce in aka zuba mata ruwa aka ɗora moɗa a kai, ta zama randa kamar kowace randa, ta daina zama bayan kowa.

Ni jar randa na sani, ta kasuwa, wadda in ka ƙwanƙwasa take amsawa. Wannan fara ce tas, ta bushe ƙayau, na ɗauka tangaran ce an gama. Wallahi ban san ba ta shiga wuta ba. Da na zuba bokiti na farko ta riƙa yin wata 'yar ƙara tana shanye ruwan. Na ce haka sabuwar randa take yi, sai na ƙara. Na cika ta har wuya, na fita wanke tsummokara.

Ina tsugune na ji ɓaf, kamar an yar da jiƙaƙƙen bargo. Na shigo na tarar gindin ya buɗe, kafaɗun suna zamewa ƙasa a hankali, farin taɓo yana malala har bakin ƙofa. Na sa hannu biyu in tare, ya bi ta tsakanin yatsuna.

Tun jiya nake tambayar kaina ko zuciyata ta sani. Ba ta sani ba, Allah shi ne shaida. Amma lokacin da na ga kafaɗun nan suna sauka, kafin tsoro ya zo, sai da na ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Ɗan kaɗan ne, amma na ji shi. Na yi istigfari har bakina ya bushe. Da a baki ne ba zan iya gaya miki wannan ba.

Ƙananan ban taɓa su ba. Taɓon ma ban kwashe ba, na ji tsoron in ƙara wata ɓarnar. Na mayar da mabuɗi.

Kada ranki ya ɓaci da yawa saboda abin da ke jikinki. Ki yi fushi da ni bayan kin sauka, ina nan.

Ni ce,
Kubura


Batagarawa
Ranar Laraba

Kubura,

Salamu alaikum. Iro ya ce ba ki cin abinci, kullum kina tambayarsa ko an ba shi takarda. Ba a ba shi ba, shi ya sa na ce bari ni in rubuto, kada ki faɗi a ce ni ce.

Ashe haka kika narkar da ni ina zaune lafiya? Tun ranar ma ciwon bayana ya yi sauƙi, ko za ki zo ki zuba wa gwiwar?

Na bi su Bashira gida ranar da suka koma. Ta buɗe ƙofa ta tsaya. Nabil ya fara salati yana cewa a kira mutanen Abuja, ta ce ya yi shiru. Ba ta yi kuka ba, ni na so ma ta yi. Ta sa ya kawo babban baho, ta zauna a kujera 'yar tsugune da wannan cikin, ta riƙa kwasar taɓon da hannu tana zubawa. Na ce ta bari in taya ta, ta ce a'a. Can ta ɗaga wani curi ta shinshina, ta ce, "Har turare ta yi mata." Ta ci gaba da kwasa.

Ba za ta iya sake gina irinta kafin lokacin ba, hannunta ba ya zagaya abu mai girma yanzu, ciki ya tokare. An cire hoton daga gayyata.

Tun da kin faɗi naki sanyin, ta nuna mini takardar, bari in faɗi nawa. Ina tsaye a kan taɓon nan na ce a raina, shi ke nan, Batagarawa za ta zo. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Wata huɗun yarinya yana kwance a ƙasa, tsofaffi biyu kowace tana duba rabonta a ciki.

Har yanzu ba ta ce mini komai ba a kan wankan. Ki ci abinci.

Sabuwa


Ƙofar 'Yandaka
Ranar Lahadi

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya gida, ya su Iro? An ce ba ki jin daɗi, Allah ya sawwaƙe. Ni lafiyata lau, an auna an ce komai daidai.

Na yi shiru ne don ban so in rubuta abin da zan yi nadama. Ba zan ce na yafe ba tukuna, don ban san wanne zan yafe ba, ruwan ko sanyin da kika ce kin ji. Ruwan kuskure ne, ni ma da laifina da ban ce miki ɗanya ce ba. Sanyin kuwa ya yi mini ciwo. Amma tun da nake, ba ki taɓa gaya mini wata magana da ta fito daga can ciki ba sai ita. Shi ya sa ban yaga takardar ba.

Ba ki tambaya ba, amma na san tambayar tana nan: me ya sa bayan Inna, ba naki ba? Bari in gaya miki yadda nake aiki. Ba daga hoto nake yi ba, ba kuma da ido ba. Inna ta zo ta zauna mini a tabarma, ta sauke zane zuwa ƙugu. Na jiƙa hannuna, na rufe ido, na bi bayanta tun daga wuya har ƙasa, sannan na juya na bi yumɓu da abin da hannun ya riƙe. In ya manta in koma. Haka muka yi ta yi, tana mita wai hannuna da sanyi. Abin da ban taɓa ba, ba na iya gina shi. Ke kuwa, Hajiya, ban san jikinki ba. Sau ɗaya na tuna na kama zanenki, wata Sallah da aka kawo ni, kika ce, "Kai, a janye yarinyar nan." Mata suka yi dariya suna yaba kunyarki.

Ba na zarginki, haka aka yi miki ke ma. Amma wankan jego hannu ne a jiki. In na zo Ƙofar Marusa na san yadda za a yi. Za ki dafa ruwa, ki tsinko ganyen darbejiya, ki dama kunun kanwa, sannan ki aika a kira Hajiya Ramla ta yi mini wanka, ke kina bayan ƙyaure kina tambaya ko ruwan ya isa. Ni kuwa ba fenti nake nema ba.

Ƙasar da ba ta ga wuta ba ba ta mutuwa. Na jiƙa ta, na tace, na cuɗa, ta koma yumɓu. Babba ba zan iya ba, amma zan iya ƙarama a kan tebur. Ki zo ranar Asabar da hantsi, Nabil ba ya nan, ba kowa sai ni. Ki zauna mini yadda Inna ta zauna. In kin iya jure hannuna a bayanki, zan zo in jure naki kwana arba'in. In ba ki iya ba, ba faɗa, ba gaba, sai in tafi Batagarawa ki zo suna.

Ba sai kin ba Iro amsa ba. Zan bar ƙofa a buɗe.

Bashira


Ƙofar Marusa
Ranar Lahadi

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ido, ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na je. Sai da na sa Iro ya wuce ƙofar ya zagayo, sannan na sauka. Na zauna ina kallon bango, na sauke zanen da kaina. Gaskiyarki, hannunta da sanyi. Da ta ɗora shi a wuyana saura kaɗan in miƙe. Ta ce, "Hajiya, ki saki jikinki, kamar ƙyaure nake shafawa." Na ce haka Allah ya yi ni. Ta yi dariya, ni ma ban san lokacin da na yi ba.

Nan za ta zo. Ta faɗa da bakinta, ta ce za ta kira ki ta gaya miki, na ce ta bari in riga ta. Ba zan yi miki ƙarya in ce ban ji daɗi ba.

Amma ki ji. Hannunta yana zuwa ƙasan wuyana sai ya tsaya yana laluben wani abu, ya rasa, ya wuce. Ya dawo ya sake tsayawa a wurin. Tabonki yake nema. Kafaɗata ta hagu ma sai da ta danna ta ƙasa, sannan ta tuna ta saki. Ina zaune a gabanta, ke take lalube. Na ci gaba da kallon bango.

Da aka jima sai hannun ya daina tafiya. Na ji ta kifa goshinta a tsakiyar bayana, bayana yana jiƙewa. Yaya, ban juya ba. Ban san ko juyawa ake yi ba, ko magana, ko shiru. Na dafe gwiwoyina na zauna kamar an dasa ni, har ta gama ta tashi ta wanke fuska. Ta ce in dawo ranar Talata, ba ta gama kafaɗa ba.

Ke me kike yi mata in tana kuka? Ina ake sa hannu? Ki rubuto mini kafin jibi, Iro zai tsaya ya jira. Kada ki zo, kada kuma ki gaya mata na tambaya. Ki rubuto kawai, da manyan baƙaƙe.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Kubura